Manhajar Kyauta Ce, Amma Wa Ke Riƙe da Akalarta?

A wani shagon sarin abaya da turare da ke Balad a Jidda, akwai kwamfuta a bayan teburin karɓar kuɗi wadda ta yi shekaru tana riƙe da lissafin gidan: kayan da suka shiga sito, bashin da ke kan 'yan kasuwar Kano da Maraɗi, albashin yaran shago, da faturar da ake miƙa wa mai saye. Ɗan ƙanwar mai shagon ne ya ɗora manhajar, kuma ko riyal ɗaya bai biya na lasisi ba. Ranar da saƙon hukumar haraji ya iso cewa lokaci ya yi da za a haɗa kwamfutar da Fatoora, dandalin da hukumar ke karɓar fatura ta intanet, sai yaron ya ce akwai aiki a gaba, akwai kuma kashe kuɗi.

"Kai, ba kai ka ce mini kyauta ce ba?"

"Kyauta ce, Kawu. Sai dai ɓangaren da ya shafi Saudiyya an fitar da shi daga cikin uwar manhajar. Yanzu a hannun wasu yake."

"Wa ya fitar? Da shawarar wa?"

Tambayar dattijon ta faɗa a kan gaɓa. Tun da Hukumar Zakka, Haraji da Kwastam ta Saudiyya, wato ZATCA, ta fara gangarowa da dokar faturar kwamfuta daga manyan kamfanoni zuwa matsakaita da ƙanana, Hausawa masu shaguna da ofisoshin kago da gidajen abinci a Makka, Madina da Jidda suka fara jin sunayen da a da sai a bakin masu kwamfuta: Odoo, ERPNext da ire-irensu. Ana ce musu kyauta ne, kuma na kowa ne. Duka biyun akwai gaskiya a ciki. Abin da ba a cika ƙarasa musu ba shi ne, kowace ɗaya tana da masu yanke mata shawara, a Beljiyam ko a Mumbai ko a cikin wani kwamiti da 'ya'yansa ke warwatse a duniya. Shawararsu kan abin da za a gina da abin da za a ajiye ita ce ke dawowa teburin shago da sunan kuɗin gyara.

Kyauta daban, 'yanci daban

Kowace manhaja tana da rubutun da masu haɗa ta suka yi layi-layi, wanda ake kira kod. Idan ka sayi manhajar kasuwanci ta SAP ko Oracle, izinin amfani ka saya. Ba ka da ikon kwafa ka ba maƙwabcinka, ko ka sauya ta ka sake rabawa. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa lasisinta ya ba ka abu huɗu: ka yi amfani da ita, ka karanta kod ɗinta, ka sauya shi, ka raba wa wasu. Richard Stallman ne ya kafa tubalin wannan aƙida a Amurka a 1983, sunanta na Turanci da ya fi yaɗuwa a kasuwa, wato open source, kuma ya fito a 1998.

Larabci ya warware wani ruɗani da Turanci ya kasa, don ya bambanta hurra da majjaniyya. Ta farko 'yantacciya ce, ta biyu ta kyauta. Lasisin ya yi alƙawarin ta farko kawai. Bai ce wani zai ɗora maka ita ba, bai ce za a koya wa akawunka ba, bai kuma ce za a gyara ta ranar da doka ta sauya ba.

Ita kuma manhajar tafiyar da kamfani, da ake taƙaita sunanta ERP, ita ce wadda ke haɗa saye da sayarwa da sito da albashi da littafin kuɗi wuri guda. Idan yaro ya sayar da katan ɗin turare, nan take ya ragu a lissafin sito, kuɗinsa ya shiga littafi, harajinsa ya ware. Shi ya sa fita daga cikinta ya fi shiga wuya, don duk tarihin kasuwancin yana ciki.

Lasisin ma ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan dabarar kowane gida take fara bayyana. GPL ya yi kama da waƙafi: duk wanda ya sauya kod ɗin ya raba wa wasu, dole ya raba da sharaɗin da ya same shi. AGPL ya ƙara da cewa ko ta intanet kake ba mutane damar amfani da sauyin da ka yi, sai ka buɗe musu shi. LGPL ya sassauta, ya bari a gina rufaffen ƙari a kan buɗaɗɗen tushe. Apache da MIT sun fi kowa sakin hannu, don mutum na iya ɗauka ya rufe nasa ya sayar. Wanda ya zaɓi lasisi ya riga ya faɗi yadda yake nufin cin abinci da manhajar.

Buɗe kod ba buɗe ƙofa ba ne

Ana cewa "al'umma" kamar jama'a ce guda mai murya ɗaya. A zahiri mutane ne hawa-hawa. Akwai masu amfani, su ne mafi yawa kuma mafi ƙarancin murya. Akwai kamfanonin da ke ɗora wa 'yan kasuwa manhajar su karɓi lada. Akwai masu ba da gudunmawa, masu turo gyara ko fassara ko rahoton kuskure. Sannan akwai 'yan tsiraru masu riƙo, waɗanda su kaɗai ke da ikon cewa wannan gyara ya shiga, wancan ya tsaya. A saman su, a mafi yawan lokuta, akwai mai mallakar sunan, domin lasisin kod bai ba kowa ikon amfani da tambari ba.

Ga yadda abin yake a kusa. Lambar QR da ke jikin faturar Saudiyya tana ɗauke da sunan mai sayarwa, lambar harajinsa mai alƙaluma 15, lokacin ciniki, jimillar kuɗi da adadin haraji. Kafin kowane ɗaya sai an rubuta tsawonsa. Harafin Turanci gurbi ɗaya yake ci a ƙwaƙwalwar na'ura, harafin Larabci gurbi biyu. Mai rubuta kod da ya gwada da sunan Turanci kawai zai ƙirga haruffa ya ga komai lafiya, sai ranar da aka sa sunan shago da Larabci, lambar ta ƙi karantuwa. Gyaran bai wuce layi biyu ko uku ba, kuma matashin da ke zaune a Madina zai gane shi kafin wanda ke Turai, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To ya tura gyaran. Za a ce masa ya haɗa da gwajin da ke nuna kuskuren. Za a ce ya bi tsarin rubutun gidan. A Odoo sai ya sa hannu kan yarjejeniyar mai ba da gudunmawa kafin a karɓa. Sannan ya jira mai riƙo ya samu lokacin dubawa, alhali akwai tarin wasu a gabansa. Daga waje abin kan yi kama da wulaƙanci, amma masu riƙo suna da tasu hujjar: wanda ya turo gyara zai iya ɓacewa gobe, su ne za su ɗauki nauyin wannan layin shekara da shekaru. A watan Maris 2024 an gano cewa wani da ya shafe kusan shekara biyu yana neman amincewa a aikin xz, wata buɗaɗɗiyar manhaja ta matse fayiloli, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikinsa bayan an ba shi riƙo. Tsantseni irin wannan ba banza ba ne.

Gida uku, sarauta uku

Odoo ita ce aka fi ji a kasuwannin yankin Gulf. Fabien Pinckaers ya fara ta a Beljiyam a 2005 da sunan TinyERP, ta koma OpenERP, sannan a 2014 ta zama Odoo. Babban juyi ya zo a 2015 tare da siga ta 9, lokacin da kamfanin ya sauya lasisi daga AGPL zuwa LGPL ya raba manhajar gida biyu: Community a buɗe, Enterprise a rufe, ana biya bisa yawan masu amfani. Saye da sayarwa, sito, fatura da na'urar teburin ciniki suna cikin ta farko. Cikakkun rahotannin kuɗi da hidimar ƙaura zuwa sabuwar siga suna cikin ta biyu. A siga ta 13, a 2019, lissafin albashi ma ya bar ɓangaren buɗe.

Masu kare wannan tsari suna cewa kuɗin Enterprise ne ke biyan ma'aikatan da ke gina tushen da kowa ke mora, kuma babu mai musun cewa manhajar tana fitowa da sabuwar siga duk shekara ba fashi. Masu suka kuma suna cewa duk lokacin da wani ɓangare ya zama abin da ɗan kasuwa ba zai iya rayuwa babu shi ba, sha'awar kamfani ita ce ya koma bayan katanga. A tsakiya akwai ƙungiyar OCA mai rajista a Suwizalan, wadda ke tara ƙarin da jama'a suka rubuta, ta raya abin da aka cire irin su albashi, ta kuma kula da OpenUpgrade, hanyar ƙaura ga wanda bai biya ba. Tana da ƙarfi, amma ba ita ke tsara alƙiblar Odoo ba. Bin sawu take yi, duk shekara tana sake daidaita kayanta da abin da kamfanin ya fitar.

ERPNext ta kamfanin Frappe ce da ke Mumbai, wanda Rushabh Mehta ya kafa. Ita duka a buɗe take a ƙarƙashin GPL, babu ɓangaren da aka ɓoye. Kamfanin yana samun kuɗi ne ta hanyar ba da masauki a sabobinsa, wato kwamfutocin da ake ajiye manhaja da bayananta a kai, da hidimar tallafi. Wannan ya kawar da tsoron katanga, amma bai raba ikon yanke shawara ba. Abin da zai zauna cikin uwar manhaja da abin da zai fita, maganar ƙarshe tana wurin ma'aikatan Frappe.

Apache OFBiz ita ce ta uku, kuma tsarinta ya sha bamban. David Jones da Andy Zeneski suka fara ta a 2001, a ƙarshen 2006 ta zama cikakken aiki a ƙarƙashin Gidauniyar Apache. A can mutum ake ba kujera, ba kamfani ba. Wanda ya daɗe yana aiki mai kyau sai kwamitin aikin ya zaɓe shi ya ba shi riƙo, kuma ba a fitar da sabuwar siga sai aƙalla 'yan kwamiti uku sun amince kuma masu amincewa sun rinjayi masu ƙi. Ba wanda zai wayi gari ya rufe ta. Amma kuma ba wanda zai iya ce wa ɗan sa-kai gobe ka bar wannan ka kama wancan. A irin wannan gida, taswirar aiki fata ce kawai har sai an samu wanda zai ɗauka, kuma yawanci mai ɗaukar ma'aikacin wani kamfani ne da abokin cinikinsa ya biya kuɗin aikin.

Idan aka dubi ukun da kyau za a ga abu ɗaya yana gudana a ƙarƙashinsu: alƙibla tana bin wanda ke biyan sa'o'in aiki na dindindin. Bambancin shi ne a wani gida ana ganin mai biyan a fili, a wani kuma sai an tona.

Ina Saudiyya za ta zauna, ciki ko gefe?

Wannan ita ce gardamar da ta fi shafar mu, kuma ita ta kai ga maganar Kawu da ɗan ƙanwarsa.

Dokar haraji a nan ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Harajin VAT ya fara a Janairu 2018 da kashi 5 cikin ɗari. A Mayu 2020 aka sanar zai koma kashi 15, a farkon Yuli ya fara aiki. Ranar 4 ga Disamba 2021 matakin farko na faturar kwamfuta ya shigo, aka daina karɓar fatura ta hannu daga masu rajistar haraji. Mataki na biyu, na haɗewa da Fatoora, ya fara ranar 1 ga Janairu 2023 da kamfanonin da cinikinsu ya haura riyal biliyan 3, ya ci gaba da saukowa rukuni-rukuni har ya iso kan masu cinikin ƙasa da miliyan ɗaya a shekara. Hukumar kan sanar da kowane rukuni aƙalla wata shida kafin wa'adinsa.

Mataki na biyun ba ƙaramin aiki ba ne ga manhaja. Faturar da ke tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa sai ta je wurin hukuma an tantance ta kafin a miƙa wa mai saye. Ta mai sayen ɗaiɗai kuma dole a kai rahotonta cikin awa 24. Kowace fatura tana ɗauke da hatimin sirri, da lambar jeri da ba a mayar da ita baya, da zanen yatsan faturar da ta gabace ta, ta yadda suka zama sarƙa. Ba a gogewa, ba a sauyawa. Idan an yi kuskure sai a fitar da takardar ragi ko ta ƙari. Alhali waɗannan manhajoji an gina su ne da barin akawu ya soke fatura ya gyara, ko ya mayar da ita daftari. Ke nan ɓangaren Saudiyya ba ado ba ne da ake liƙawa a waje. Sai ya kai hannu har cikin uwar manhajar ya kulle wasu ƙofofi.

Frappe ta ɗauki matsayi a kan wannan. A siga ta 14, a 2022, ta fitar da ɓangarori da dama zuwa manhajoji masu zaman kansu, ciki har da na asibiti, na makarantu, na noma, na ma'aikata da albashi, har da dokokin harajin Indiya, ƙasarta ta haihuwa. A siga ta 15, a 2023, ɓangaren Saudiyya ya bi sahu, ya koma hannun wasu kamfanoni na waje.

Hujjar masu wannan ra'ayi mai ƙarfi ce. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. 'Yan ma'aikata a Mumbai ba za su iya bin dokokin ƙasashe barkatai ba, kuma ɓangaren da aka ajiye a ciki ba mai kula ya fi wanda aka fitar hatsari, don mai amfani zai ɗauka ana kula da shi. Idan ya fita, waɗanda ke karanta sanarwar ZATCA da Larabci ranar da ta fito za su iya sakin gyara a makon, ba sai sun jira kowa ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren ita ma ba ta faɗi ƙasa ba. Abin da ke ciki, duk wanda ya taɓa uwar manhaja dole ya tabbatar bai karya shi ba. Abin da ke gefe kuwa, idan sabuwar siga ta karya shi, matsalar mai shi ce. Ga kuma rarrabuwar ƙarfi: maimakon ƙari ɗaya mai inganci, sai kamfanoni da yawa kowa ya rubuta nasa, wani a buɗe wani a rufe, ɗan kasuwa ya rasa wanne zai riƙe. Odoo ta bi ɗaya hanyar, tana riƙe da ɓangarorin ƙasashe da kanta, har da na Saudiyya, sai dai farashin hakan shi ne bin jadawalinta: tallafinta na yau da kullum yana tsayawa kan sigogi uku na ƙarshe.

Idan aka auna, fitarwar ba laifi ba ce a kanta. Tana yin kyau idan akwai masu karɓa da za su zauna, tana yin muni idan mai karɓan kamfani ɗaya ne da zai iya sauya sana'a.

Ɓallewa

Makamin ƙarshe na jama'a shi ne su kwashi kod ɗin su kafa nasu gida da sabon suna. Lasisi ya halatta, kuma an sha yi. A 2006 masu gudunmawar Compiere da suka gaji da kamfanin suka kafa ADempiere, a 2011 iDempiere ta fito daga cikinta. Tryton ta ɓalle daga TinyERP a 2008. LibreOffice ta fito daga OpenOffice a 2010 bayan Oracle ta sayi Sun, kamfanin da ke riƙe da OpenOffice ɗin. A baya-bayan nan, sauyin lasisin Terraform a 2023 ya haifi OpenTofu, na Redis a 2024 ya haifi Valkey.

Ɓallewa tana tsoratar da mai riƙe da suna, tana hana shi wuce gona da iri. Amma kwafe kod aikin minti biyar ne, abin da ba ya kwafuwa shi ne mutanen da suka san cikinsa. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda ƙwararru suka bi, ko manyan kamfanoni suka tsaya musu.

Akwai kuma ɓallewar da ba a sanarwa, wadda ta fi yawa a shagunanmu. Mai ɗorawa ya buɗe uwar manhaja ya sauya nan ya sauya can don ya faranta wa Alhaji, bai rubuta abin da ya yi ba, bai mayar da shi ga kowa ba. Bayan shekara uku wannan kwamfutar ta zama manhaja ita kaɗai a duniya, wadda mutum ɗaya ya san kanta. Ranar da ya samu aiki a Riyad, ko iƙamarsa ta ƙare ya koma gida, shagon ya tsaya cak a kan tsohuwar siga.

Mai gudunmawa, ina zai zuba guminsa?

Akwai matasanmu da yawa a wannan fage, 'yan ƙasa masu laƙabin Hausawi da waɗanda karatu ko aiki ya kawo. Tambayar da ke gabansu ita ce wadda kowace al'ummar manhaja ke ta juyawa: a bar kowa ya yi abin da ya dame shi, ko a nuna masa inda ake buƙata?

Masu ra'ayin farko suna cewa ɗan sa-kai ba bawa ba ne, kuma aikin da mutum ya yi don ƙaiƙayin kansa ya fi inganci. Masu na biyu suna nuna sakamakon: kowa na son gina sabon abu mai ɗaukar ido, ba mai son rubuta gwaji, ko bayanin amfani, ko duba gyaran wani, ko ɗauko tsohon ƙari ya daidaita shi da sabuwar siga. Su ne kuma ayyukan da manhajar kuɗi ke rayuwa a kansu. Gidajen da suka daidaita tsakani sukan yi abu mai sauƙi: su bayyana abin da ba za su karɓa ba tun kafin mutum ya ɓata watanninsa, su kuma ware ƙananan ayyuka ga sabon shiga.

Ga wanda ke zaune a Saudiyya, fifikonsa a bayyane yake. A gyaran injin manhaja yana gogayya da dubban mutane. A abin da ya shafi fatura mai Larabci daga dama zuwa hagu, kalandar Ummul Ƙura, lissafin GOSI, wato hukumar inshorar ma'aikata, tsarin kare albashi da ladan ƙarshen aiki, shi ne gwani. Sai dai ya duba abu biyu kafin ya fara. Na farko, lasisin wurin da zai zuba aikin da abin da yarjejeniyar da zai sa wa hannu ta ba kamfani, don wata tana ba shi damar amfani da gudunmawar a kayan sayarwarsa. Na biyu, ko akwai mai riƙo na biyu bayan shi. Ƙarin haraji da mutum ɗaya ke riƙewa da daddare bayan ya tashi aiki, amana ce mai nauyi da ta rataya a zare guda.

Abin da ke jiran mai shago

Alhakin doka yana wuyan mai rajistar haraji, ba mai manhaja ba. Lasisin GPL da sauran duka sun rubuta ƙarara cewa babu garanti. Jerin masu samar da manhaja da ZATCA ke wallafawa ma na jagora ne, bai ɗauke wa kowa nauyi ba. Idan faturar ta ƙi shiga, tara a kan shago take sauka.

Saboda haka kuɗin da aka tsira da shi na lasisi, wani kaso nasa ya kamata ya koma wurin kulawa, da yarjejeniya a rubuce. Kafin sa hannu akwai abin da ya dace a ji daga bakin mai ɗorawa: wace siga ce, kuma har yaushe masu ita za su ci gaba da gyara ta; wa ya rubuta ɓangaren ZATCA, yaushe rabon da a taɓa shi, kuma a buɗe yake ko a rufe; an sauya uwar manhaja ko an tsaya a ƙari na gefe; sannan kalmar sirri ta saba da kwafin bayanai suna hannun wa. Wannan ta ƙarshen ba wasa ba ce, don doka ta ce a ajiye takardun haraji aƙalla shekara shida, wanda ya fi daɗewar yawancin yaran da ke kula da kwamfuta a shago guda.

Tsohuwar siga kuma ba rashin sababbin abubuwa kaɗai ba ce. A ƙarshen 2023 da cikin 2024 an gano manyan ɓarakoki a OFBiz da ke ba baƙo damar shiga ba da izini ba. Masu riƙo sun toshe su, amma toshewar ta amfani wanda ya sabunta ne kawai.

Akwai wata hanya da 'yan kasuwarmu sun san ta tun kafin kwamfuta: haɗa kuɗi. Shaguna goma masu buƙata iri ɗaya, idan kowanne ya biya yaronsa a ɓoye, an yi aiki goma da ba ɗaya da zai daɗe. Idan suka haɗa suka biya a yi ɗaya mai kyau, a buɗe shi, a sa masa masu riƙo biyu, sun saya wa kansu murya a wurin da ake yanke shawara, don a waɗannan gidaje mai ɗaukar nauyi ake saurara.

Sai batun lokaci. Wa'adin hukuma da fitowar sababbin sigogi suna bin kalandar Miladiyya, kasuwar Makka da Madina da Jidda kuma tana bin Ramadan da Hajji, waɗanda ke matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. Wata shekarar wa'adin zai faɗo a tsakiyar kakar ciniki, lokacin da ba mai shagon da zai yarda a kashe masa kwamfuta ko na awa ɗaya. A shagon Balad abin da aka tsayar ke nan: a ɗauki kwafin lissafin a gwada ƙaura a wata na'ura dabam tun yanzu, a tura faturar gwaji da sunan shagon da Larabci a ga ta shiga, sannan a yi ainihin sauyin a makonnin da alhazai suka watse kafin masu Umara su cika gari. Kawu ya ƙara sharaɗi ɗaya, cewa a rubuta masa kalmar sirrin saba a takarda ya sa a cikin akwatin da yake ajiye sijillin shagon.